Kujerar Dogon Zango

Da aka ɗauke wuta, 'ya'yan baffanta suka kewaye Yaya Barira a kan tabarma. Wani jirgi ya wuce ta sama. Ta yi shiru sai da ƙararsa ta mutu.

"Ku matso," ta ce. "Nafi'u, kashe wayar nan. Wanda ya san zai yi fitsarin kwance ya tashi tun yanzu."

Babu wanda ya motsa, sai ta fara.

An yi wani jirgi da mutane ke kira Dogon Zango. Kafin shi, alhazai sai sun yada zango a hanya, an sha mai, wani lokacin har a kwana. Shi ne ya fara ɗaukar su daga nan har ƙasa mai tsarki bai sauka ko'ina ba. Ranar da ya dawo, gari ya tashi kaf zuwa tarya, har da masu kalangu. Saboda girmansa sai da aka ƙara tsawon titin jirgi, aka sare wani kurmin tsamiya da ke ƙarshen fili. Ku riƙe wannan.

To, komai ya yi farko zai yi ƙarshe. Jirgi ya tsufa. Tafiyarsa ta ƙarshe fanko ya dawo, ko kare bai je tarya ba. Aka ja shi can bayan fili cikin ciyawa, aka sayar wa 'yan gwangwan su yanka.

Cikin masu yankan akwai Haladu mai walda. Talaka ne, dukiyarsa guda ce a duniya: 'yarsa Uwani, mai sunan mahaifiyarsa, wadda aka samu bayan an binne uku. Ba ya kiranta sai da "Uwata". Ita kuwa in jirgi ya wuce, sai ta bar tuwo ta fita tana ɗaga masa hannu.

Ranar farko suka cire wayoyi da fitilu. Haladu ya ga wata kujera a jikin taga, ya tuna 'yarsa, ya kwance ta ya ɗora a baro. Da ya shiga jirgin bai yi sallama ba, da ya kwance kujerar bai yi bismilla ba. Kowa ya san ba a sare tsohuwar bishiya sai an gaya wa masu ita su tashi. Amma wa zai yi wa ƙarfe sallama?

Yana kai ta gida, Uwani ta haye kujera tana dariya, ta ɗaura bel. Barci ya ɗauke ta. Ba ta farka ba.

Aka mai da ita gado, jikin ya ƙi miƙewa, yana nan a zaune. Ta yi sanyi ƙalau. Ƙafafunta suka kumbura irin na wanda ya daɗe a mota. A asibiti aka duba aka ce ba a ga komai ba. Aka yi rubutu, bakin ya ƙi buɗewa. Haladu ya kara kunne a ƙirjinta, ya ji wani gunji can ciki, mara yankewa. Ya san wannan ƙarar. Namiji ne, amma a wurin ya fashe da kuka.

Daren da in gari ya waye za a fara yanka gangar jirgin, yarinyar ta yi magana ido a rufe.

"Baba, ba mu iso ba? Na gaji."

Matarsa Gambo ta riƙe masa hannun riga. "Malam, mai da musu kayansu."

"Cikin daren nan?"

"In kuka sa wa jirgin nan wuta tana ciki, mun rasa ta. Ba zan iya binne na huɗu ba."

Ya ɗora kujera a baro, ya rataya gorar ruwansa, ya bi hanyar bayan wayar da ta kewaye filin jirgi shi kaɗai. Da ya doshi jirgin, kukan gyare ya tsaya. Ya hau tsani da kujera a ka. Wannan karon ya yi sallama.

Aka amsa masa. Daga rufin jirgin aka amsa, ta cikin lasifikar da shi da hannunsa ya yanke wa waya.

Ya haska tocila. Can kusa da gurbin kujerar, wata tsohuwa na zaune da farin mayafi. Ƙura ta rufe ƙasan jirgin, ana ganin sawun ma'aikata, amma kusa da ita babu sawu ko ɗaya. Ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Bakinta ya motsa, sai can daga baya maganar ta sauko daga sama.

"Ka zo."

Ya durƙusa. "Na zo, Iya. Ga kujerarku. Na tuba."

"Jikata na barci a kanta ka ɗauke. Ka tafi da tawa, na riƙe taka."

Ya mai da kujerar gurbinta, ya shiga ɗaure ta da sifana. Da ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe, sai katifar kujerar ta lotsa a hankali, kamar ƙaramin yaro ya gyara kwanciya.

"Na dawo da ita, Iya. Ki sakar mini tawa."

"Ba ni na ɗaure ta ba yanzu. Tafiya ta shiga. Matafiyi ba ya sauka sai an iso."

"Ai jirgin a ƙasa yake."

"A wurinku." Ta juyo, idanunta ba su ƙifta ba. "Tsamiyoyinmu aka sare ba sallama, muka shigo nan da 'ya'yanmu. Tun ranar muke tafiya. Kowa ya sauka ana tarbarsa, a ba shi ruwa, a ce sannu da hanya. Mu babu wanda ya taɓa ce mana mun iso. Gobe za ka zo da wutarka, ɗan nan. Duk wanda ke ciki zai ji ta."

Sai ya ji tari a bayansa. Ya ji ana lallashin jariri. Kujeru babu kowa, amma jirgin a cike yake maƙil. Daga can ƙarshe wata ƙaramar murya ta ce, "Baba."

Muryar 'yarsa ce. Ya miƙe zai ruga wurin.

"Kada ka je," in ji tsohuwar. "Wanda ya wuce layin nan ya zama fasinja."

Haladu ya tsaya, hawaye na zuba. Ba shi da laya, ba shi da ilimi. Abin da uwarsa ta koya masa kawai ya sani. Ya kwance gora, ya tsuguna, ya miƙa da hannu biyu.

"Sannunku da hanya. Kun iso lafiya. Ga ruwa."

Gorar ta yi sauƙi a hannunsa, bai ga mai sha ba. Ko'ina ya ji ƙas, ƙas, ana kwance bel.

"Madalla," ta ce. "Ina masauki?"

Nan ya gane abin da ya yi. Wanda ya tari baƙo, shi ne mai masauki. Ya tuna ɗakunansa biyu. Ya tuna an ce ba sa zama inda ake wasa da wuta da ƙarfe, shi kuwa da su yake ci. Muryar nan ta sake cewa, "Baba, na gaji."

"Gidana," ya ce.

"Wuce gaba. Kada ka waiwaya."

Baron babu komai, amma da ƙyar ya tura shi gida, tayar na nutsewa a ƙasa. Yana shiga ya tarar da Uwani ta miƙe ƙafa a jikin uwarta, ido buɗe, tana neman abinci. Ya zube ya rungume ta yana ta kiran "Uwata, Uwata". Yarinyar ta leƙa ta bayan kafaɗarsa, ta yi murmushi.

"Baba, ka shimfiɗa musu tabarma mana. Suna da yawa."

Washegari ya sayar da injin waldarsa. Har ya rasu dako ya yi a kasuwa, iyalinsa cunkushe a ɗaki guda, ɗayan kuwa a share, da randa cike kullum magariba, wayam kullum asuba. Babu wanda ya taɓa jin ya yi nadama.

Yaya Barira ta numfasa.

"Don haka kada in ji ɗayanku ya bi bayan wayar filin jirgi shi kaɗai, akwai waɗanda ba su sami masauki ba har yau. In kuma aka yi muku sallama cikin duhu, ku saurara ta ina muryar ta fito kafin ku ce maraba."

A zaure wani ya yi sallama. Babu wanda ya amsa.