Ranar da Mahaɗiya Ta Ƙware

A benen Rimi, can tsakiyar birnin Tudun Gilashi, ko tarin maƙwabci ba a ji. Cikin kowane bango akwai Mahaɗiya, na'urar da ke tsotse ƙara ta ajiye a tumbinta don mutane su huta. Amma wani dare bayan isha'i sai aka ji daɓe yana amsawa: dum, dum, dum.

Lantana ce ke daka.

Ba ta daɗe a benen ba, ita da 'yarta Kulu. Daga wani ramin ma'adinai suka gudo, inda ɓarayin mutane suka tsare ta shekara da shekaru tana haƙa. A ramin aka haifi Kulu. Masu gadin wurin ƙarafa ne masu kunnuwa, wanda duk ya yi ƙara sai su tsula masa bulalar lantarki. Haka yarinyar ta tashi ba magana, kuka ma da ido kawai take yi.

Hukuma ta ba su ɗaki mai kyau. Sai dai ƙofofin birnin ba sa buɗewa sai an yi musu magana. Kulu takan tsaya gaban tasu ta yi ta kallo. Ga kuma shirun nan, sak na rami. Lantana ta gane cewa a zuciyar yarinyar ba su fito ba tukuna.

Da yammar ranar ta shiga wurin maƙwabcinsu, Baba Ɗantala, wani tsoho da matarsa ta rasu.

"Baba, ara mini turmin nan."

"Au, sunansa ke nan? Na kakata ne, ni na'a-na'a na shuka a ciki." Ya ciro taɓaryar daga inda yake rataye riga. "'Yar nan, ga injin niƙa a kicin, ina ke ina wahala?"

"Ba gari nake nema ba, Baba."

Ta zuba gero ta kama daka irin na garinsu, ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe. Kulu ta durƙushe ta rufe kai tana jiran bulala.

To, waɗanda suka ƙera Mahaɗiya ba su san daka ba. Don ƙarar da ke bin iska suka yi ta, shi kuwa turmi ta ƙasa yake magana. Ta haɗiyi bugun farko, ta haɗiyi na biyu, sai ta ƙware. Nan take ta amayo duk abin da ta tara tun gina benen. Atishawa, guɗar biki, faɗan miji da mata kan gishiri, kukan jariran da yanzu sun yi gemu, duk suka cika ɗakuna. Ta bango Lantana ta jiyo wata tsohuwar dariya mai zaƙi ta marigayiya matar Baba Ɗantala, sai ga muryarsa yana amsa mata, "Ke Tasalla! Har yanzu hular nan tawa kike wa dariya?"

Kulu ta ɗago kai. Ga ƙara ko'ina, ba wanda aka doka. Ta miƙe a hankali ta je gaban ƙofa.

"Buɗe," ta ce, da wata murya kamar ta ɗan tsako.

Ƙofa ta zuge. Ta bari ta rufe, ta sake faɗa, da ƙarfi wannan karon.

"Inna! Tana jin maganata!"

Lantana ta saki taɓarya ta rangaɗa guɗa, hawaye na bin kuncinta. Maƙwabtan da ba su taɓa gaisawa ba suka cika ɗakin, matan suna layi a koya musu cafe taɓarya. Kulu kuwa ta bi ƙofofin mutane tana buɗewa, ba wanda ya hana ta.

Da safe injiniyoyi suka zo da akwatunan gyara. Baba Ɗantala ya tare su, Kulu na riƙe da gefen rigarsa tana ta zuba surutu.

"Samari," in ji shi, "in kun gyara ta, muryar yarinyar nan ma haɗiye ta za ta yi?"