Taswirar da Ba Ta Nuna Rami

Da hantsi aka bugo wa Sufeto waya cewa an tsinci gawar wani dattijo a tsohon ramin haƙar dutse da ke bayan gari. Tsohon safiyo ne, shekara talatin yana awon ƙasa kafin ya yi ritaya.

Da Sufeto ya isa wurin, na'urar GPS mai nuna hanya tana rataye a wuyan mamacin, ko tsagewa ba ta yi ba. Sufeto ya kunna. Tituna ne kawai a jikin taswirar. Inda ramin yake, fari fat. Ga ciyawa ta rufe bakin ramin har ƙugu.

A gidan mamacin ya tarar da 'yarsa, malamar asibiti, idanu sun kumbura.

"Me ya kai mahaifinki can?"

"Wasan neman ajiya ne, ranka ya daɗe. Wani ya ɓoye ɗan gwangwani da takarda a ciki, ya ba da lambobin wurin. Wanda ya fara ganowa shi ke fara sa hannu. Tun rasuwar Mama, shi ne abin da ke fitar da Baba daga ɗaki."

"Wa ya sa masa taswirar?"

Sai ta fashe da kuka. "Ni ce. Iri biyu ce, akwai ta tituna, akwai mai layukan tudu da kwari. Ya ce in sa masa mai layuka. Ashe kuskure na yi. Ni na kashe shi."

Sufeto ya saba da masu cewa ba su ba ne. Wannan da ta rungumi laifi hannu bibbiyu, tausayinta ya kama shi ƙwarai.

"A ina taswirar take zama?"

"A ɗan kati. Na ɗiga masa jan farce don kada ya ɓace masa."

Ya buɗe bayan na'urar, ya zaro katin. Baƙi wuluk, babu ɗigon komai. Ya sa shi a aljihu.

Mai gyaran waya na bakin kasuwa ya duba katin a kwamfuta, ya taɓe baki.

"Yallaɓai, wannan ai ta direbobi ce. Ni na sa ta ranar Laraba. Wa zai shiga daji da ita?"

"Wa ya kawo?"

"Tsohon hedimasta. Ya ce ta mota yake so."

Hedimasta aminin mamacin ne tun suna samari, kuma abokin wasansa na neman ajiya. Sufeto ya same shi a zaune a ƙofar gida, ya yi tagumi.

"Yaushe rabonka da shi?"

"Ya fi mako biyu."

"'Yarsa ta ce ranar Alhamis kun wuni tare a falonsa."

"Tsufa ne, na manta."

"Kana da mota?"

"Ni? Ko keke."

"To, miƙo taka na'urar."

Tsohon ya miƙa. Sufeto ya zaro katin ya ɗora a tafin hannu. Ga jan ɗigo nan ɓaro-ɓaro.

Can tsohon ya ce, "Shekara shida, ɗana. Duk gwangwanin da na buɗe, sunansa ne a sama. Ya yi ta yi mini dariya, wai malamin da ya koyar da taswira a allo bai iya bin ta a ƙasa ba. Da ya shiga alwala sai na musanya katin. Cewa na yi zai yi ta zagaye, in riga shi sau ɗaya tak. Wallahi ban san ramin na kan hanyarsa ba."

"Da ka buɗe taswirarsa fa, ba ka ga ramin ba?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Na gani. Na ce ai safiyo ne, zai lura. Na ɗauki waya zan kira shi, sai na ajiye."

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Ya kama shi a gwiwar hannu kamar mai tsallakar da makaho titi, ya kai shi mota.

A ofis 'yar mamacin tana jira a kan benci. Sufeto ya ajiye mata katin a hannu.

"Taswirarki daidai take. Ba ke ba ce."

Ta ɗago, ta ga wanda kofur ke shiga da shi ciki.

"Kawu?" ta ce a hankali.

Tsohon ya kasa juyowa. Sufeto ya ɗauka za ta samu sauƙi, amma ina. Ta daɗe tana kallon ƙofar da aka rufe.

"Shi ya fara kai ni makaranta, ranka ya daɗe," ta ce. "Yanzu wa zan kira in gaya wa?"