Takalman Habsa a Rumbu

"Manzo, ina takalmana?"

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da goge babur ɗinsa. Amma ya ji, don tun da suka yi aure Habsa ba ta taɓa kiran sunansa gatsau ba sai yau.

Malamar wasanni ce a wata lakwal, makarantar boko ta Filinge, hutun haihuwarta kuma ya kusa ƙarewa. Kowace safiya takan shayar da Ummul, sannan ta fita gudu bayan gari. Ungozomar asibiti ta ce babu laifi, ta dai yawaita shan ruwa. Inna Dijatu, mahaifiyar Manzo, wadda ta zo daga Tabla, ta ce gudu yana dafa nono. Ta rantse in Habsa ta sake fita, za ta tafi da jikarta ƙauye ta yaye ta da kunu. Ummul ko zama ba ta fara ba.

Manzo ya amsa cewa shi ya ɓoye takalman, don a zauna lafiya. Ya roƙe ta ta haƙura har Inna ta koma gida.

"Jiya na yi mata sussuka da goyo a baya, gumi har ƙafa. Wannan bai dafa nono ba?"

"Uwata ce, Habsa..."

"Ni kuma ɗiyata ce. Da bakinka ya kamata ka tare ta, ba da ɓoye takalmi ba."

Ta fita ƙafa ba takalmi. A haka ya fara ganinta tana 'yar lakwal, ranar da ta ci tsere, shi yana cikin masu ihu a bakin fili.

Ta dawo tana ɗingishi, ta tarar da Inna a ƙofar gida, Ummul a goye, ƙunshin kaya a ka. Manzo ya tare ƙofar, hularsa a hannu, idonsa a ƙasa.

"Inna, ki yi mini duk abin da kika ga dama. Amma yarinyar nan ba ta barin uwarta."

Inna ta kira shi bawan mace, ta ce ba haka ta rene shi ba. Bai matsa daga ƙofar ba. Ta kwance goyon, ta miƙa masa, ta kama hanyar tasha ba sallama.

Habsa ta karɓi ɗiyarta ta zauna a tabarma, ta ba ta nono tun gumi bai bushe ba. Manzo ya hau rumbu ya fito da takalman, duk ƙurar hatsi. Ya durƙusa ya kama ƙafarta, yana cire mata ƙaya da allura.

"Yi haƙuri, hasken raina."

Ba ta dube shi ba. Ta janye ƙafar.

"Tashi ka bi Inna da babur," ta ce. "Kayan nan sun yi mata nauyi."