Soron Inna Turai

Rufaida na tsakar gidan mahaifiyarta a Anka tana tsince shinkafa, mijinta Surajo ya durƙusa daga nesa yana gaida Inna Turai. Da ya ɗaga kai ya dubi soron Inna, sai fuskarsa ta canja.

"Inna, gara ta ci azarar ɗakin ga, indararon ma ya toshe. A ba ni tsani in gyara kahin ruwa shi sauka."

A cikin soron nan littattafan marigayi Malam, mahaifin Rufaida, suke a wani akwati, rubutun hannunsa na shekara arba'in, kuma su ne duk abin da ya bar wa iyalinsa.

Kafin Inna ta amsa, Anti Zubaida, yayar Rufaida da ta zo daga Gummi, ta tuntsire da dariya.

"Suruki bisa ɗakin surukuwa? Shina tattaka ƙasa bisa kanta? Ina kunya ta tahi! Injiniya zan kawo, a sa kwano da silin. Mu ba mu aikin lebura."

Ai dama abin da ke cinta ke nan. Tun auren ba ta ƙaunar Surajo. Malamin firamare ne, amma in ya taso makaranta za ka same shi da guduma ko cebur. Shi ke yaɓe, shi ke gyaran famfo, ƙofar gidansu ba ta taɓa kuka kwana biyu ba. Rufaida na son sa har ranta, Zubaida kuwa gani take ƙanwarta ta auri ɗan kwadago.

"Anti, don Allah ki bar shi! Aikin wuni guda na," in ji Rufaida.

"Ke rufe min baki! In mijinki ya taka soron ga, kada ki sake taka gidan ga!"

Rufaida ta dubi Inna. Inna ta sunkuyar da kai, don Zubaida ke kawo buhun hatsi, kuma maganar kunyar nan ta shige ta.

"A bari injiniyan shi zo," ta faɗa a hankali.

Surajo ya yi sallama, suka kama hanyar gida. A kan babur Rufaida ta jiƙe masa bayan riga da hawaye.

"Sun wulaƙanta ka, Malam."

"Ni ba komi. Littattahan nan nika ji."

Sau biyu Rufaida ta koma tana roƙo ko littattafan a fitar, Inna ta ce inda Malam ya aje su nan za su zauna. Injiniya kuwa, yau hanya ba kyau, gobe wayarsa a kashe.

Ranar wata Talata da la'asar ruwa ya ɓarke. Inna ta fita kwashe shanya ke nan, sai ta ji rugum a bayanta. Rufin ya zauna a kan akwatin Malam.

Da safe Surajo ya iso da cebur, Rufaida na biye da shi, bai nemi izinin kowa ba. Har azahar yana tono. Takardun da ya zaro duk sun zama kunu, tawada ta bi ruwa. Inna ta ɗauki guda tana juyawa, ba ta ga ko harafi ba, sai ta fashe da kuka.

"Ɗana, kunyar banza ta ci ni. Yahe min."

Zubaida ta bugo waya tana cewa sori, injiniya na nan tafe. Inna ta miƙa wa Rufaida wayar, ta ce, "Kashe ta. Ɗauko wa mijinki tsani."

Cikin kwana tara Surajo ya tada soron, ya fi na da kyau. Tun daga nan babu mai ce masa lebura. Haƙurinsa ya saya masa daraja, sai dai bai maido da ko shafi ɗaya ba.

'Yan mata, mijin da hannunsa ke gyara gida ni'ima ne, kada a bari dangi su raina shi. Har yau Inna na share sabon soron kullum safe, tana goge akwatin da babu komai a ciki.