Sawun Goɗiya a Garken Gatawa

Mutanen wannan labari su biyar ne: Sajan Wada, ɗan sandan Sabon Birni, Kwamared Maliki, tsohon shugaban wata jam'iyyar talakawa a ƙasar Isa, Amiru makiyayi, Ɗanmusa mahauci, da Mairama, wadda mijinta ya rasu ya bar mata saniya guda.

A shekarar farin da ya biyo bayan rushe jam'iyyu, wata ranar Juma'a, mutanen Gatawa suka sauko daga masallaci suka tarar shanu uku sun ɓace daga garken tarayya, har da ta Mairama. Kafin Sajan Wada ya iso washegari, an kulle Amiru mai kiwon garken a gidan mai gari, masu shanu kuwa sun rantse in ba a kama ɓarawo ba kowa zai kwashe nasa.

Maliki ne ya kafa garken. Ya yi karatun likitan dabbobi a ƙasar Kazak, cikin Tarayyar Sobiyet, ya dawo da aƙidar haɗa dukiya wuri ɗaya da kuma ɗabi'ar zama bisa doki. Ya yi shekara da shekaru yana shugabancin jam'iyya bai taɓa cin zaɓe ba. Da farin nan ya tsananta, ya lallashi mutane suka haɗa sauran shanunsu a shinge ɗaya kusa da rijiya. Abin da ya rage masa ke nan a duniya.

Wada ya gaji da wannan shekara, domin kowace ƙara da ta zo masa yunwa ce a ƙarƙashinta. Ya fara da Amiru.

"Ina kake lokacin salla?"

"Sahun gaba, Sajan. Kwamared ya ce in tafi, Juma'a ba ɓarawo."

"Waɗanne aka ɗauka?"

"Ramammu, masu hawaye. Na gaya mai, ya ce ƙura ce."

"Ƙofar fa?"

"A rufe muka iske ta, ɗaure da igiya."

Daga nan ya iske Ɗanmusa yana zaune a rumfarsa, ƙudaje ma sun daina zuwa.

"Ranka ya daɗe, in za ni sata, sai in bar bijimi in ɗauki ƙashi da fata? Dubi wuƙata, har ta yi tsatsa. Wa ke da halin nama a Gatawa?"

Wada ya dubi wuƙar, ya sallame shi. A bakin shinge taro ya tattake sawu, sai ya bi ta bayan gari. A wata busasshiyar gonar gero ya ga sawun shanu uku. Babu sawun mutum ko ɗaya. Akwai dai kofaton doki, kuma ko'ina bisa sawun shanun ya hau. Ya ɗaga kai ya ga ungulaye suna kewaya wani busasshen kududdufi. A ciki ya sami gawa uku, an zuba musu kananzir an ƙone, wutar ba ta gama cinye su ba.

Ya iske Maliki yana ba goɗiyarsa ruwa, Mairama na tsaye a kansa tana jiran labari.

"Kwamared, makiyayin ƙasar nan a ƙasa yake tafiya, yana kira, shanu na biye da shi," in ji Wada. "Ɓarawonmu ma da ƙafa yake kora, kuma ba ya tsayawa ɗaure ƙofa. Wanda ya fitar da waɗannan yana bisa doki a bayansu. Ina ake kiwo haka?"

Maliki ya aje guga. "A ƙasar Kazak."

"Wanda ya zaɓi marasa lafiya ya ƙone su, ya san ciwon da ke jikinsu. Mi ne ne?"

"Ciwon bushiya, mai ƙare garke," ya ce a hankali. "In na faɗa, kowa zai ja tasa ya kai gida, annoba ta bi gari gari har Isa."

"Shi ke nan dalilin?"

Maliki ya ce, "A makarantarmu akwai wani tsoho mai gadin ƙofa. Ɗan makiyayi ne, ya shiga jam'iyyar kwaminis yana saurayi, ya hau har ya zama shugabanta na lardi. Ya tara dabbobin mutane wuri ɗaya. Da suka fara mutuwa, ya aika wa manya cewa suna ƙaruwa, aka ba shi lambar yabo. Da gaskiya ta fito aka tuɓe shi. Na yi ta mamakin abin da ya hana shi magana tun farko. Jiya na sani."

"Amiru ya kwana a kulle kana nan."

"Na sani, Sajan. Ka tafi da ni. Amma kada ka bari su buɗe ƙofar nan sai masu allura sun zo daga Sakkwato." Ya juya wajen Mairama. "Inna, ga goɗiyar nan a madadin saniyarki."

"In yi mi da ita, ɗan nan? Kai ne aka ce ka sha nonon doki a can. Jikokina ba su iya ba." Ta dubi dabbar, ta ƙirga haƙarƙarinta da ido, sannan ta karɓi linzamin. "Da ka gaya mini, da ni za ni riƙe maka ashana."

Wada ya sa aka saki Amiru, ya aika Sabon Birni a kira masu allura. Da la'asar masu shanu suka taho da igiyoyinsu. Suka tarar da Sajan zaune a bakin shinge, Maliki na gefensa da ankwa a hannu, yana gaya wa Amiru waɗanda za a ware.

"Ba mai fitar da ko maraƙi," in ji Wada. "Wanda ya ɓatar muku da shanu ga shi, kuma shi kaɗai ya san yadda za a ceci sauran. Ku zauna."

Suka zauna, domin ba wanda ke da ƙarfin gardama.

Nan na tsaya. Wanda ya riƙe alƙalami da furfura ba ya rasa tuntuɓe, don haka duk wanda ya ga kuskure a suna ko a zance, ina roƙonsa ya gyara, Allah ya saka masa da alheri.