Laifin da Aka Rubuta da Sunan Noemi

Da ƙarfe tara da kwata na safiyar Litinin aka sa wa Noemi Barragan ankwa, a gaban abokan karatunta shida, cikin ofishin da ta zo fara aiki. Ta miƙa katin shaidarta ne kawai don a duba tarihinta kamar kowa. Matar da ke bayan gilashi ta daɗe tana kallon kwamfuta, sannan ta ɗaga waya.

"Akwai umarnin kama ki tun bara waccan," in ji ɗan sandan da ya zo. "Sata a kantin tufafi, kuma kin ƙi zuwa kotu."

"Ni? Ban taɓa ɗaukar ko allura ba! Ku sake dubawa, don Allah... ba ni ba ce!"

"Kowa haka yake cewa, 'yan mata. Juya."

Shekara uku Noemi ta yi tana karatun laifuka da shari'a a ƙaramar kwalejin garinsu da ke kwarin San Joaquin, karatun da wasu ke gamawa a shekara biyu, domin da rana tana tsaye a rumbun tantance lemu, da yamma ta shiga aji hannuwanta na ƙanshin ɓawo. Kwas ashirin ake so kafin jami'ar jiha ta karɓi ɗalibi ya ɗora daga aji uku. Ta gama sha tara. Na ashirin shi ne horon sanin makamar aiki na mako takwas a ofishin masu kula da ɗaurin talala, kuma jami'a ta ba ta gurbi bisa sharaɗin sakamakonta ya iso kafin sha biyar ga Yuli.

Kwana biyu ta yi a tsare. Da ta fito, ta tarar rumbun lemu ya ba wata gurbinta, kwaleji kuma ta dakatar da horonta har sai kotu ta yanke hukunci. Ta nufi gidan Tiya Chayo, yayar mahaifiyarta, wadda ta riƙe ta tun tana 'yar shekara tara, lokacin da babbar mota ta murƙushe iyayenta a hanyar gona. A gidan ta tashi tare da Yesenia, 'yar Tiya, wata huɗu ne tsakaninsu, har baƙi kan ɗauke su tagwaye.

Ta iske Tiya tana gasa tortiya, gurasarsu ta masara, Yesenia na zaune tana shafa wa farcenta ja. Babu wadda ta tambaye ta inda ta kwana.

"Tiya, sun ce sau uku kotu ta aiko takarda gidan nan. Ina takardun?"

Tiya ta juya tortiya ba ta ɗago ba. "Na ƙona su."

"Kin ƙona...?"

"Ƙuruciya ce, 'yata. An kama 'yar'uwarki ba kati a jikinta, tsoro ya sa ta faɗi sunanki da ranar haihuwarki. Yanzu aurenta saura wata biyu, ga aikinta a gidan kula da tsofaffi. Ke me za ki rasa? Ki amsa, su ba ki sharar bakin titi, magana ta mutu."

"Tiya, mai tabon sata ba ya aikin shari'a har abada! Shekara uku fa... shekara uku ina tsaye!"

Yesenia ta hura farcenta ta yi dariya. "Ji mana 'yar sanda ba bindiga! Ke wa ya ce miki alƙali za ki zama? Lemu ya fi dacewa da ke."

"Shekara sha uku kina cin waken gidan nan," in ji Tiya, muryarta ta yi kauri. "Yau rana ɗaya aka nemi ki rufa mana asiri. In ba za ki iya ba, ga ƙofa."

Kafin rana ta faɗi kayanta suna waje cikin baƙaƙen ledojin shara guda biyu. Wata tsohuwar abokiyar aikinta ta ba ta katifa a garejin mota. Kowace safiya sai ta shiga coci ta kunna kyandir, ta durƙusa har gwiwoyinta su mutu, hawaye na ɗiga kan katako. "Ubangiji, Kai ka ɗauke mini uwa da uba, ban ce komai ba... kar Ka bari a ɗauke mini sunana!"

Lauyan da gwamnati ta ba ta yana da shari'u tamanin a wannan makon, ya ba ta minti huɗu. "Ƙaramin laifi ne. Ki amsa, awa arba'in na aikin gayya, ki tafi gida. In kin ja, shari'a sai lokacin kaka." Kaka kuwa, gurbin jami'a ya riga ya tafi.

Ranar Laraba ta je kwaleji da takardar janyewa daga karatu, don malaminta Harlan Tuttle ya sa hannu. Tsoho ne da ya yi shekara ashirin da shida a teburin karɓar waɗanda aka kamo kafin ya koma koyarwa. Ya saurare ta har ƙarshe, ya ture takardar gefe.

"Malama Barragan, wadda aka kama ran nan, sun kai ta caji ofis ko a bakin kanti suka sallame ta?"

"Takardar ta ce sun kai ta."

"To, sun ɗauki zanen yatsunta. Shi suna, da baki ake faɗinsa, kowa na iya aron na wani. Yatsu ba a aro. Ki ce wa lauyanki ya nemi a gwada naki da na fayil." Ya cire tabarau ya dube ta. "Amma ki sani, ranar da suka wanke ki, ranar za su nemi mai su."

Gado ɗaya Noemi ta yi da Yesenia har suka kai shekara sha biyar. Ta fashe da kuka, kukan da ya sa tsohon ya tashi ya rufe ƙofa. Da ta natsu, ta ɗauki takardar janyewar ta yaga biyu.

Ranar sha huɗu ga Mayu Tiya Chayo da Yesenia suka zo kotu cikin kwalliya, suka zauna a layi na biyu, suna jiran su ji ta amsa laifi. Sai lauyan Noemi ya nemi a kira jami'ar binciken yatsu. Ta ce ta gwada yatsu goman da ke fayil, ko ɗaya bai dace da na Noemi ba. Ta ƙara da cewa duka goman sun dace da na wata ma'aikaciyar gidan tsofaffi da aka ɗauka lokacin da ta fara aiki. Ta karanta sunan.

Yesenia ta miƙe za ta fita, ɗan sandan kotu ya tare ƙofa.

"Mama! Mama, ki yi magana mana! Ke kika ce babu mai ganewa!"

Alƙaliya ta rubuta wani abu, sannan ta dubi Noemi. "An kori ƙarar. An wanke ki sarai, za a goge wannan daga sunanki. Kotu na ba ki haƙuri."

A barandar kotu Tiya ta kama gefen rigar Noemi. "'Yata, ki koma ki roƙe su... jininki ce fa!"

Noemi ta zare rigarta a hankali, idanunta cike da ruwa. "Ni ma jininki ce, Tiya."

An ɗaure Yesenia wata biyar saboda sata da amfani da sunan wani. Ta rasa aikinta, angon ya janye, Tiya Chayo kuma ta daina zuwa cocin unguwa don kunyar idon jama'a. Noemi ta fara horonta ranar sha takwas ga Mayu, ta gama goma ga Yuli, Malam Tuttle da kansa ya tsaya kan magatakarda har sakamakon ya isa jami'a ranar sha uku.

A watan Agusta ta tsaya a layin sababbin ɗalibai, aka miƙa mata fom. Ta cike sunanta da manyan baƙaƙe, ta cike sashen karatu, ta cike aji uku. A ƙasa akwai layi ɗaya: sunan ɗan'uwan da za a kira in wani abu ya faru. Ta daɗe biro na hannunta. Sannan ta goge ido, ta miƙa fom ɗin haka nan, ta karɓi katinta ta shiga.