Doyar da Ta Zama Taɓarya

Ko rantsuwa na yi muku ba za ku yarda ba. Amma an taɓa shuka doya a Talata Mafara, ranar tono aka zaro taɓarya.

A shekarun aikin dam ɗin Bakolori ne. Baƙi sun cika gari. Cikinsu akwai wani direban katafila, Baba Okoi, mutumin Yakurr daga can kudu, wajen Kalaba. Ya kama haya a bayan gidan su wani yaro ɗan aji huɗu. Darni kawai ya raba su.

Yaron nan Allah ya yi shi da tsokana da cika baki. Shi ne mai sa kwaɗo a aljihun monita. A faɗarsa, daga Mafara har Bakura babu mai wayonsa.

Baba Okoi ya zo da irin doya guda uku. Tsohuwarsa ce ta ba shi. Ya tara ƙasa tsibi uku ya binne. Zafin rana ya kashe biyu. Ɗaya ta rayu, ta yi yaɗo, ta hau sanda.

Wata rana yaro ya leƙo ta darni, ya tambaye shi yaushe za a ci. Baba Okoi ya ce a garinsu ba mai taɓa sabuwar doya sai ranar bikin Leboku. Ranar nan 'yan mata kan sa zobban tagulla a ƙafa, a yi kiɗa, a yi rawa. Manya su gode wa Allah, sannan kowa ya ci. Bana aiki ya hana shi zuwa gida, don haka a nan zai yi nasa bikin.

Ya ƙara da cewa, "Kanta kuma zan ajiye na iri. Ita kaɗai ta rage mini daga hannun mamana."

Washegari yaro ya gaya wa 'yan ajinsu shi zai riga Baba Okoi ci. Abokinsa Bello ya ce ƙarya yake yi. Shi ke nan, magana ta zama ta gaske.

Ranar Talata da hantsi, Baba Okoi yana wurin aiki, iyalinsa sun tafi kasuwa. Yaro ya kutsa ta darni. Ya tona tsibin ta gefe. Ya yanke doyar daga wuya, ya bar kan da saiwoyi don kada ganye ya bushe a gane. Da ya ga ramin zai rufta, sai ya ɗauko guntuwar taɓaryar kakarsa ya cusa, ya mayar da ƙasa.

A bayan makaranta suka gasa ta, shi da su Bello. Ya ci rabi shi kaɗai, ya yi ta bugun ƙirji.

Kaka Nagode ta yi ta neman taɓaryarta. Ta ce, "Kai mijin banza, ina abin dakan yajina?"

Ya ce, "Ƙila ta gaji da ke ne, ta gudu Maradun."

Sati huɗu suka wuce. Ranar biki ta zo. Baba Okoi ya ɗaura farin zane. 'Yarsa ta sa zobba a ƙafa, tana tafiya suna ƙara. Ya gayyato maƙwabta, har da Malam Yakubu na aji huɗu da baban yaro. Kaka Nagode ma ta zo ganin ƙwaƙwaf.

Baba Okoi ya yi godiya ga Allah da yarensu. Ya durƙusa, ya tona a hankali. Ya kama wani abu mai tauri, ya ja. Sai ga taɓarya.

Yara suka fara dariya. Shi bai yi ba. Ya zauna a ƙasa, ya ɗora ta a cinya, ya daɗe yana kallon ramin. Dariya ta mutu.

Kaka Nagode ta matso, ta ƙanƙance ido. Ta ce, "Wagga ai taɓaryata ta. Ga tsagar da ta yi bara. Ashe nan ne Maradun ɗin?"

Kowa ya juyo yana kallon yaro. Baban yaro ya tambaye shi ko yana da abin faɗa. Wannan karon bakin nan bai cika ba. Ya faɗi gaskiya duka.

Baba Okoi ya ce, "Ka ce kan ka bari?"

"Na bari, Baba."

Ya sake sa hannu, ya share ƙasa daga wuyan doyar. Sai ga 'ya'ya huɗu sun fito, kowane kamar ƙwan zabo. Ya ce haka doya take: in aka bar mata kai, takan sake yin na iri. Sai a lokacin ya yi murmushi.

Maƙwabcinsu Mamuda ya shiga gida ya kawo zangarniyar sabon gero. Ya ce Mafara ma tana da nata sabon abinci. Aka gasa tumu. 'Yar Baba Okoi ta yi rawa, zobba suna amo, Kaka Nagode tana tafi.

Malam Yakubu ya dafa kan yaro, ya ce, "Abin da wani ya ɗauka da girma, kada ka mai da shi wasa, ko da ba ka san al'adarsu ba. Ka ji?"

Ya ce ya ji.

Baba Okoi ya miƙa masa fartanya. Ya ce daga yau har kaka, shi ne mai noman tsibin nan, shi ne mai korar awaki. Kaka Nagode kuma ta miƙa masa taɓarya, ta ce ya wanke ta tas, barkonon sati huɗu yana jiransa a turmi.